Sifilin da Na Gano a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a rumfar mai aski, har a wurin jana'iza sai wani ya matso ya ce, "Garba, yaya Nijar? Ina injin da aka ba ka?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita raina sake ɓaci yake yi. Malama Rifkatu, wadda ke koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci, ita ta ce in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa. Shekarata arba'in da tara, kuma bana shekara biyu ke nan da na fara riƙe biro. In kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri. Maganar dai ba ta karkace ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai injin niƙa na lungunmu a Ƙofar Dumi, cikin garin Bauchi. Injin na dizal ne, gadonsa na yi daga mahaifina, kuma a zauren gidanmu yake. Rabin masar da ake toyawa a unguwar nan ni nake niƙa shinkafarta. Mutane sun san ni da haƙuri. Mace ta zage ni a kan ƙullunta bai yi laushi ba, in ce ta kawo in sake.

Mai ɗakina Lami tana da ciwon fuka. Shekara ashirin da biyu tana shaƙar hayaƙin injin nan, don duk yadda na karkata salansa, iska tsakar gida take mayar da shi. Bara ciwon ya kayar da ita har sau biyu. Likita ya ce ko hayaƙi ya bar gidan, ko ita ta bar shi. Sai ta koma gidan yayanta a Yelwa. Ba yaji ta yi ba, ni na raka ta da kaina. Da za mu rabu ta ce, "Malam, ranar da zan shanya farin zane a igiyar tsakar gida ya wuni yana fari, ranar zan dawo."

Saboda haka da aka zo unguwa ana neman masu sana'ar hannu, wai wata ƙungiya za ta kai mu Nijar mu ga injinan da ke aiki da hasken rana, kuma in mun dawo kowa za a kafa masa nasa, ni ne na fara ba da suna. Wasu yawon buɗe ido suka je. Ni matata na je ɗaukowa.

Mun tashi bayan sallar asuba daga wani ofis a GRA, mu goma sha huɗu: masu niƙa, masu walda, tela biyu, da mai sayar da ƙanƙara. Jagoranmu wani saurayi ne mai waya biyu, kowa na ce masa Kodineta, har yau ban san sunan yankansa ba. Kafin mu hau mota ya raba mana riguna koraye da huluna koraye, ya ce a sa a kan kaftani. Isuhu mai walda, wanda muka zauna kujera ɗaya, ya dube ni ya ce, "Garba, ka zama kabewa." Na ce, "Kai kuma ɗanyar gwanda."

Motar doguwa ce mai sanyi a ciki. Muka bi ta Ningi, muka wuce Birnin Kudu, muka shiga Kano da hantsi ya ɗaga. A nan raina ya fara sosuwa. An tsaya cin abinci, aka yi salla, Kodineta ya tafi neman wata takarda, muka yi kusan awa biyu. Duk tsawon lokacin motar tana kunne, babu kowa a ciki, tana ta busa hayaƙi a kan wata mai tuyar awara da ke zaune a bayanta. Na ce wa direba ya kashe mana. Ya ce oga ba ya son ya dawo ya tarar da zafi. Matar ta ja kaskonta gefe tana tari. Irin tarin na san shi. Na dubi rigar da ke jikina, an zana rana da ganye a ƙirji, na ji kunya.

Daga Kano muka yi Kazaure, muka yi Daura, muka isa iyaka ta Kwangwalam wajen la'asar. Ban taɓa tsallake iyaka ba. Na zaci zan ga katanga. Ashe igiya ce da ganga biyu da rumfa, kuma akuyoyi suna wucewa abinsu ba mai tambayarsu kati. Mu aka tsayar. A ɓangaren can, wani ma'aikaci ya karɓi katina, ya dubi hannuna da baƙin mai ya rine, bai ko tambaye ni ba ya turo min tawadar dangwale. Na tura masa abarsa, na ce a ba ni biro.

Ya ce, "Ka yi lakwal ne?"

Na juya wajen Isuhu. Wani fasinja ya ce makaranta yake nufi.

Na ce, "Ina kan yi."

Na rubuta Garba Sale, harafi bayan harafi. Layi ya yi tsawo a bayana, wani yana tsaki, Kodineta yana duba agogo. Ma'aikacin ya ɗaga takardar ya duba, ya ce, "Madalla, tsoho." Ban ji daɗin tsohon ba, amma na karɓi madallar.

Mutanen can Hausa suke yi kamar mu, sai dai sun zuba mata wasu kalmomi. Asibiti a wurinsu likita ne, wai "na tafi likita." Wutar lantarki kuwa kuran suke ce mata. Mun isa masauki a Damagaram bayan magariba, mai kula da wurin ya tare mu da cewa mu yi haƙuri, kuran ta tafi tun azahar amma tana nan dawowa. Isuhu ya ƙanƙame jakarsa ya ce, "Kura? A cikin gari? Kuma kun san lokacin dawowarta?" Da aka fahimtar da shi, aka ƙara da cewa ai wutar ma daga Nijeriya ake jawo musu ita, sai ya ce, "Haba, shi ya sa. 'Yar gidanmu ce, mun san halinta. Kada ku jira ta."

Masaukin yana da kyau, ban ƙi gaskiya ba. Amma ɗakin da aka ba mu tagarsa a kan janareta take, wani ƙato kamar ɗakin kaji. Da safe na ɗauki farar hulata da na rataye kusa da taga, na ga ta yi dabbare-dabbare. Na yi tafiyar kwana guda don in guje wa hayaƙi, na kwana a bakinsa.

Karin kumallo burodi ne dogo kamar sanda, mai tauri a baya. Isuhu ya ce in an gama ci, ragowar a kora awaki da ita. Shayinsu kuma a ɗan kofin gilashi kamar na awon magani, baƙi, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi zagaye uku. In ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Na tambaya ko ana samun masa. Aka kawo wasu abubuwa ƙanana na gero. Na ci don kada in ɓata musu, amma wanda ya san masar Bauchi da miyar taushe ba zai kira wannan masa ba. Kilishinsu dai na sara masa. Kuma mutane ne masu natsuwa. Rana na take tsaka kowa zai rufe shago ya kwanta, ba mai jin ya yi asara.

Kwana biyu muka yi a ɗakin taro. Kuran ba ta dawo ba, janareta ke ta ruri a waje, na'urar sanyi shida suna aiki har wasu na rufa da rawani. Masu jawabi suna yi da Faransanci da Turanci, tafinta yana juyawa. Kalma ɗaya suke ta nanatawa, net ziro. Tafinta ya ce ma'anarta sifili: duniya ta yi zafi saboda hayaƙin mai da gawayi, damina ta rikice, saboda haka ana so a kai hayaƙin duniya sifili, kuma hanyar ita ce wutar rana da ta iska.

Na ji daɗi ƙwarai. Sifili na san shi, a aji muka koya. Malama Rifkatu ta zana shi a allo ta ce, "Wannan ƙwai ne da ba komai a cikinsa." Na ce a raina, to ai ni da mutanen nan abu ɗaya muke nema. Farin zanen Lami ke nan.

A rana ta biyu ne wani mai jawabi ya warware zancen. Ya ce akwai manyan kamfanoni a ƙasashen waje da ke fitar da hayaƙi mai yawa. In kamfani ya fitar da buhu goma a can, mu kuma a nan aka ba mu injin rana muka daina fitar da buhu goma, sai a rubuta wa kamfanin cewa ya tashi sifili. Aka tafa.

Ni ban tafa ba. Na ɗaga hannu. Kodineta ya yi kamar bai gani ba, na bar hannun a sama har tafinta ya nuna ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan aji biyu ne, a yi min a hankali. Shi kamfanin, ya rage nasa hayaƙin?"

Aka ce ba dole ba ne yanzu.

Na ce, "To akwai mutane a bayan salansarsa?"

Mai jawabi ya hau juya takardunsa.

Na ce, "In maƙwabcina yana ƙona taya a ƙofar gidansa, ni na kashe injina a wata unguwa, matarsa ta daina tari? Goma a ɗebe goma sifili ne, na yarda. Amma a kwarya ɗaya ake ɗebewa. Ba a ɗiba a kwaryata a ce tasa ta zama fanko."

Wasu suka yi dariya. Kodineta ya ce lokacin shan shayi ya yi. A waje ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ba a kawo ku nan don ku yi tambaya ba." Na ce, "To don me aka kawo mu?" Wayarsa ta yi ƙara, ya tafi.

Mutum ɗaya ne ya biyo ni, wani injiniya mai furfura, ɗan ƙasar. Ya ce, "Malam, tambayarka daidai ce. Yadda abin ya kamata, kowa ya fara kashe nasa hayaƙin da wuta mai tsabta, iyakar ƙoƙarinsa. Ɗan abin da ya gagara shi ake nema wa madadi. Amma wasu sun mayar da wutsiya kai." Ya ce in jira gobe, zan ga abin da ba ƙarya ba.

Kuma na gani. Wannan ba zan ɓoye ba ko da raina a ɓace yake. Washegari aka kai mu wani ƙauye da ba shi da nisa da gari, inda ƙungiyar mata ke da injin niƙa na hasken rana. Shi injiniyan ne ya kafa musu. Na sauka daga mota ina kasa kunne in ji inji, ban ji ba. Sai da na shiga ɗakin na ga bel yana juyawa, gari yana zuba. Ina jin kukan kaji a waje. Ina jin matan suna hira ba tare da sun ɗaga murya ba. Na shafa bango, na duba tafin hannuna: farin gari kawai. Shekara talatin ina niƙa, ban taɓa sanin ƙamshin gero mai ɗumi haka yake ba, don kullum dizal ke rufe shi. Na fita waje na tsaya kaɗan, don kada Isuhu ya ga idona.

Shugabarsu wata dattijuwa ce, Inna Habsu. Na ce, "Inna, ba ya ba ku wahala?"

Ta ce, "Yana da sharaɗi, ɗana. Daga hantsi zuwa la'asar yake aiki. In rana ta kwanta shi ma ya kwanta. In hadari ya rufe, sai haƙuri."

Na ce, "Mu a Bauchi masu masa da almuru suke kawo niƙa, don ƙullu ya kwana ya tashi."

Ta ce, "To su jiƙa shinkafarsu da asuba mana. Mu ma da farko mun yi ta mita. Ciki ne ya koya mana duba rana."

Na fito da littafin ajina. Injiniya ya tsaya a kaina ina kwafe duk abin da ke rubuce a jikin moton da ke juya injin, da yawan farantan hasken rana da ke kan rufi, da kaurin waya. Inda na juya lamba ya gyara min. Shafi biyu na cika.

Ina cikin haka Kodineta ya zo da mai hoto. Ya ce matan su ɗan matsa waje. Inna Habsu ta ce, "A ɗakinmu?" Ya ce minti ɗaya ne. Aka gyara min koriyar hula, aka ɗora hannuna a kan makunni, aka ce in yi dariya. Na yi, don a lokacin da gaske farin ciki nake yi. Wannan dariyar ita ce abin da na fi nadama a duk tafiyar.

Ranar komawa, mun sa kaya a mota, mota tana kunne kamar kullum, sai aka kafa tebur a ƙofar masauki. Takarda ce kowa zai sa hannu, gefe ɗaya Faransanci, gefe ɗaya Hausa. Ga tawada a buɗe. Mutane suna zuwa suna dangwalawa suna hawa mota. Isuhu ya dangwala ya goge yatsa a koriyar riga. Da aka zo kaina na ɗauki takardar na sa yatsa a layin farko.

Kodineta ya ce, "Baba, ba sai ka karanta ba, ta shaidar zuwa ce."

Na ce, "To bari in gaisa da ita."

Na yi ta haɗa baƙi. Ga abin da ke ciki: "Ni mai suna a ƙasa na karɓi kayan aiki masu amfani da hasken rana, kuma na daina amfani da injin mai." Na koma farko na sake bi, ko idona ne. Ba idona ba ne.

Na ce, "Nan an rubuta na karɓa."

Ya ce, "Eh, za ku karɓa."

Na ce, "To a rubuta zan karɓa."

Ya ce, "Duk ɗaya ne, Baba. Sai mun tura wannan can sannan za su saki kayan."

Na ce, "Yaro, ni mai niƙa ne. In na ce wa mace na niƙa alhali zan niƙa ne, da muciya za ta biyo ni. 'Na' da 'zan' ba ɗaya ba ne. Wata uku na yi ina koyon bambancinsu a allo."

Direba ya danna oda. Daga cikin mota wani ya ce, "Garba, ka dangwala mu tafi mana, kai kaɗai ka iya karatu?" Kodineta ya ce duk wanda bai sa hannu ba, babu sunansa a cikin masu samu. Na tsaya ina tunanin Lami. Wallahi na ɗauki biron. Sai na tuna da rana da ganyen da ke ƙirjina, da mai awarar Kano. Wato da wannan takardar wani zai ci gaba da busa hayaƙinsa a can, an rubuta masa cewa Garba ya kashe nasa, alhali na Garba yana nan yana jiran in dawo in tayar da shi. Hayaƙi biyu, a takarda sifili. Na ajiye biron na hau mota.

Daga Matamaye har Kano ba wanda ya yi min magana sai Isuhu, shi ma cewa ya yi, "Da ka karanta da ƙarfi tun kafin in sa yatsa." Na ce, "Ai ka riga ni, kamar ana rabon nama."

Na dawo na ci gaba da niƙa da tsohon injina, don ciki ba ya jiran ƙungiya. Na je Yelwa na gaya wa Lami an ce a jira. Ban gaya mata zancen takarda ba, kuma wannan laifina ne.

Sati uku bayan haka, ranar wata Talata da la'asar, inji yana ta ruri, mata sun yi layi da bokitai, sai na ga keke napep ya tsaya a bakin lungu. Lami ce ta sauko, da akwatinta, da ƙullin kayanta, da farin zane a ninke a hannu. Fuskarta kamar ranar salla. Ta yi taku biyar hayaƙi ya tare ta. Ta tsaya. Ta dubi zaure, ta dube ni. Sannan tarin ya zo, irin mai durƙusar da ita.

Na kashe inji da niƙan wata a ciki. Muka shigar da ita, aka nemo abin shaƙarta a jaka. Da numfashi ya dawo ta miƙo min waya. Yayanta ne ya ga hoton ya tura mata. Ga ni nan, koriyar hula, hannu a kan makunni, haƙora a waje, a cikin ɗakin Inna Habsu. A ƙasa an yi rubutu, har da Hausa, ba sai an karanta min ba: "Malam Garba na Bauchi ya karɓi sabon injinsa. Iyalinsa sun huta da hayaƙi."

Ta ce, "Na zaci ɓoye min ka yi don ka ba ni mamaki."

Ban sa hannu ba, amma sun sa fuskata. Na kira lambar Kodineta sau bakwai, a kashe take. Na je ofishin GRA, mai gadi ya ce haya suka yi na wata biyu, sun tashi. Har yau cikin mu goma sha huɗu ba wanda ya ga ko guntun wayar wuta. Isuhu yana nan yana walda da janaretansa, a takarda kuwa ya daina tun a Damagaram. Ni da aka sani da haƙuri, ranar na tsaya a tsakiyar lungu na yi ta faɗa har liman ya fito ya riƙe hannuna.

Da magariba Lami ta ce a kira mata keke ta koma. Na shiga zaure na zaro ƙarfen da nake tayar da inji da shi, wanda hannun mahaifina ya side shi har yana ƙyalli. Na kai mata na ajiye a gabanta. Na ce, "Sa a akwatinki. In ba shi inji ba ya tashi."

Ta ce, "Me za mu ci?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan injin bai tashi ba. Masu masa sun koma wani lungu, wasu ko gaisuwa sun daina. Da safe ina taya Isuhu riƙe ƙarfe. Na sayar da babur ɗina, na kai shafi biyun nan wurin Oga Emeka mai kayan sola, ya duba ya ce, "Wane injiniya rubuta wannan?" Na ce ni ne. Faranti takwas ake bukata. Uku suna kan rufina yanzu, ba su juya komai tukuna. Ban karɓa ba. Zan karɓa, in Allah ya so, kuma ba da yatsana a tawadar kowa ba.

To masu tambaya ina injin da aka ba ni, amsa ke nan. In kuma kuna son ganin sifili, ba sai kun tsallake iyaka ba. Ku yi sallama a gidana da la'asar. Zanen yana kan igiya, mai shi tana zaune a ƙarƙashinsa tana tsintar shinkafa.